Yadda na nemi Hausawa a cikin alƙaluman SE15

Wata 'yar tambaya ce ta jawo min wannan aiki. Kakar 'yata ta kira a waya, ta ce mata, "Kin ci abinci?" Yarinya ta juyo tana kallona don in fassara mata. A daren nan na ƙudurta sai na buɗe ajin Hausa na ranar Asabar saboda yaranmu da aka haifa a Landan. Ɗaki kawai nake buƙata da 'yan kujeru, amma ɗaki a garin nan sai da kuɗi, don haka na nemi ɗan tallafi a wurin wata ƙungiya mai taimaka wa ayyukan unguwa. A fom ɗinsu akwai tambaya guda da ta tsayar da ni cak: mutum nawa ne a yankinku za su amfana, kuma mece ce hujjarki?

Peckham nake zaune, a kudu maso gabashin Landan, lambar adireshinmu ta gidan waya kuma da SE15 take farawa. Wanda bai zauna a Birtaniya ba zai yi mamakin yadda lambar nan ke bin mutum kamar inuwa. Ita ake fara tambaya wajen rajistar likita, da ita ake yanka wa mutum kuɗin inshorar mota. Haruffan farko suna nuna babban yanki, idan aka haɗa da lambar da ke biye a sami gunduma, rabin ƙarshe kuma ya kai mai rabon wasiƙu wani ɗan gungu na gidaje, galibi kamar goma sha biyar. Tunda ana yi wa Peckham laƙabi da ƙaramar Legas, na ɗauka aikin rabin sa'a ne: in buga SE15 a kwamfuta, in kwafi adadin Hausawa, in liƙa a fom. Ashe kallon kitse nake yi wa rogo.

Da farko dai na gane cewa SE15 buhun mai rabon wasiƙu ce, ba a zana ta don ta bi iyakar unguwa ko mazaɓa ba. A 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka raba wa gundumomin gidan waya na Landan lambobi, kuma bayan lamba ta ɗaya sai aka bi jerin haruffan sunayensu. Shi ya sa New Cross ta zama SE14, Peckham SE15, Rotherhithe SE16, amma SE5, wato Camberwell, ita ma maƙwabciyarmu ce ta jiki da jiki. Yawancin SE15 yana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Southwark, wani ɓangare kuma ya tsallaka cikin Lewisham. Na ɓata mako guda ina amfani da alƙaluman Southwark baki ɗaya, mai mutum sama da 300,000, kafin in farga cewa ina ƙirga har da masu zama a bakin Kogin Thames, waɗanda wataƙila ba su taɓa taka Rye Lane, babban titin kasuwar Peckham, ba.

Daga nan na koma kan ƙidayar jama'a ta Ingila da Wales, wadda hukumar ƙididdiga ta ONS ta gudanar ranar 21 ga Maris 2021. Tun 1801 ake yin ta duk bayan shekara goma, in ban da 1941 da yaƙi ya hana. Ita ma ba da lambar gidan waya take awo ba. Tana da nata ƙananan yankuna, mafi ƙanƙanta ba ya kasa mutum 100 da gida 40, na sama da shi kuma mutum 1,000 zuwa 3,000. Adadin da ake gani a intanet da sunan wata gundumar gidan waya, harhaɗa waɗannan 'yan yankuna ake yi har su yi kusa da iyakarta. Ba laifi ba ne, amma da na sani tun farko da ban riƙe lambar kamar aya ba.

Na sami 'yan Najeriya a jadawalin ƙasar haihuwa, kimanin 271,000 a Ingila da Wales, kuma taswirar unguwarmu ta yi duhu sosai a wannan shafi. Na ji daɗi. Sai na buɗe jadawalin harsuna. Ga Yarabanci da layinsa, ga Ibo, ga Somali, ga Akan, ga Lingala. Na bi da yatsa har ƙasa, babu Hausa. An zuba ta a wani kwando guda mai suna sauran harsunan Najeriya. Kuma ko da an ware mata layi, da bai amfane ni sosai ba, domin harshe ɗaya tak ƙidayar ke tambaya, wanda mutum ya fi amfani da shi. Ina cikin ƙorafi a zuci sai na tuna abin da ni kaina na zaɓa a fom ɗin gidanmu a 2021: Turanci. Da shi nake aiki, da shi nake magana da malaman yara, kuma, abin kunya, da shi nake yi wa yaran faɗa. Ni da nake neman Hausawa a jadawali, da hannuna na goge gidana daga cikinsa.

Akwai kuma zancen matsakaici. In aka dunƙule SE15 wuri ɗaya, sai a sami wata unguwa tsaka-tsaki wadda ba ta wanzu a ƙasa ba. Arewacin Peckham, wajen Burgess Park da Old Kent Road, ya fi yawan benayen haya na ƙaramar hukuma, a can ne aka kashe yaron nan ɗan Najeriya mai shekara goma, Damilola Taylor, a Nuwamba 2000, abin da ya daɗe yana bin sunan unguwar. Tafiyar minti ashirin da ƙafa kuma sai ga Bellenden Road, jerin tsofaffin gidajen zamanin Sarauniya Victoria da shagunan kofi, inda kuɗin gida ɗaya ya isa ya sa mutum hawan jini. Jirgin ƙarƙashin ƙasa bai zo Peckham ba har yau, amma tun da layin jirgin ƙasa na Overground ya iso tashar Peckham Rye a Disamba 2012, matasa masu aikin ofis suka yi ta kwararowa, haya ta yi ta hawa. Sai da na sauka zuwa ƙananan yankunan nan, ina duba su ɗaya bayan ɗaya a taswira, sannan na ga abin da ƙafata ta riga ta sani.

Da kwamfuta ta gaza, na ɗauki littafin rubutu na fita. Wata biyu ina yi, Juma'a da Asabar. Ba wata dabara: in shiga shago, in yi sallama, in ce "Sannu da aiki," in jira in ga wa zai ɗago kai. Rye Lane wuri ne da ake tsaga shago ɗaya gida uku, mai gyaran waya a bakin ƙofa, mai aika kuɗi gida a tsakiya, masu kitso a can ciki. Wani bincike da Suzanne Hall ta jami'ar LSE da ke Landan ta jagoranta ya sami masu shaguna daga ƙasashe fiye da 20 a kan wannan titi kaɗai. Mahautan da nake sayen naman halal a wurinsu yawanci daga Afganistan da Pakistan suke, amma sun iya kiran shaki da kanda da sunayen da 'yan Najeriya ke kiransu, don ciniki ya koya musu.

Wanda ya fara amsa min da Hausa tsantsa Bayarabe ne, wani dattijo mai sayar da doya da busasshen kifi, haifaffen Sabon Garin Kano. Ya ajiye wuƙarsa ya ce, "'Yata, daga ina?" Muka kusan rabin sa'a muna hira, masu saye suna hararata. A jadawali, in ma bai zaɓi Turanci ba, a layin Yarabanci yake.

A sashen mata na masallacin Choumert Grove kuwa, ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. Wata Hajiya ta ji ina tsawata wa 'yata da Hausa (na fara gyarawa), ta jawo hannuna ta zaunar da ni. Daga unguwar Nima take, a Akara ta ƙasar Gana. Hausarsu ta zango ba ta damu da bambanta namiji da mace ba, ta kalli 'yata ta ce, "Yarinyan nan ya yi kyau." Na faɗa mata abin da nake nema. Ta yi dariya ta ce, "Ɗiyata, a takarda kike neman mu? Kawo wayarki." Nan take ta sa ni cikin wani zauren WhatsApp na matan zango, inda ake sanar da suna da biki da rasuwa. Ni kuwa duk tsawon lokacin nan layin Najeriya kaɗai nake dubawa, ban taɓa leƙa na Gana ko Nijar ba.

A zauren ne na yi tambayar da ya kamata in fara da ita: kowa ta turo min rabin farko na lambar adireshinta kawai, ba sai da sunan titi ba, don mutane ba sa son ba da cikakken adireshi, kuma suna da gaskiya. Amsoshi suka fara shigowa: SE18, SE28, CR0, SE6, jefi-jefi SE15. Wato Woolwich, Thamesmead, Croydon, Catford. Da yawansu sun taɓa zama a Peckham, haya ta kore su, amma nan suke zuwa sallar Juma'a, nan suke cefane, nan suke kitso. Ƙidaya tana rubuta mutum ne a inda yake kwana. Cunkoson da nake gani a Rye Lane ranar Asabar da rana, mai yawa daga cikinsa da yamma bas yake hawa ya koma wata lambar. Kuma ita kanta ƙidayar 2021 a cikin kullen korona aka yi ta, lokacin da ɗalibai da wasu masu haya suka bar Landan na ɗan lokaci, don haka ko hoton masu kwanan ma an ɗauke shi ne a ranar da ba kowa ke gida ba.

A ƙarshe ban ƙirƙiri lamba na sa a fom ba, ko da yake zuciya ta raya min. Na rubuta musu gaskiya: jadawalin ƙidaya bai ware Hausa ba, ga adadin haifaffun Afirka ta Yamma a ƙananan yankunan da ke kewaye da Rye Lane, ga kuma iyalai goma sha ɗaya da suka sa hannu cewa za su kawo yaransu, uku kacal daga cikinsu ke kwana a SE15. Na ji tsoron wannan ukun zai kayar da ni. Rabin abin da na nema suka ba ni, ya isa hayar ɗaki na wata shida.

Ɗakin da na fara hangowa yana kusa da gidana, a wani lungu mai shiru wajen maƙabartar Nunhead. Na fasa shi, na kama wani mai ƙaramar taga da ƙarar bas, tafiyar minti biyar daga tashar Peckham Rye, na kuma sa ajin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, don uwa ta ajiye yaro ta shiga Rye Lane ta yi cefanenta ta dawo. Ranar farko yara tara suka zo. Jikan Hajiya, wanda ya taso tun daga Thamesmead, shi ya fara ɗaga hannu, yana so ya san dalilin da ya sa nake cewa "ta zo" alhali kakarsa "ya zo" take cewa.