Kada nisan na'ura ya sa ku rufe littafi

Ƙannena masu karatun fiziks a nan Kano, idan malami ya kawo zancen lesar X-ray, wato katafariyar na'urar da ke harba gajerun walƙiyoyin hasken X-ray don binciken abubuwa irin su maganaɗisu, kada ku ce "wannan na Turawa ne". Ni na faɗi haka, kuma har yau ina jin ciwonsa.

Na'urar kam ta yi mana nisa. Wadda ake kira LCLS ta Kalifoniya a Amurka ta fara aiki a 2009. European XFEL ta Jamus, wadda aka buɗe a 2017, rami ce a ƙarƙashin ƙasa mai tsawon kilomita 3.4 daga Hamburg, tana iya harba walƙiya 27,000 a sakan guda. Afirka kaf babu irinta. Wannan ya sa na mayar da darasin maganaɗisu abin hadda, in juye a takardar jarrabawa in kakkaɓe hannu.

Ashe tushen maganar yana maƙera. Ku ciro maganaɗisu daga tsohuwar sifika, ku roƙi maƙeri ya sa ƙusa a wuta har ta yi ja wur, sannan ku kusanto da shi. Ba zai kama ta ba. Ƙarfe yana sakin wannan hali idan zafi ya kai digiri 770, ya dawo da shi idan ya huce. Tambayar masana ita ce: cikin wane irin sauri? A 1996, Eric Beaurepaire da abokan aikinsa a Strasbourg ta Faransa suka haska siririn nikel da walƙiyar lesa ta femtosakan 60, sai maganaɗisunsa ya faɗi cikin ƙasa da femtosakan 1,000. Femtosakan kuwa, a raba sakan gida miliyan, a sake raba kowane gida biliyan.

X-ray ɗin ga amfaninta. Kowane sinadari yana da ƙarfin hasken da yake sha: ƙarfe wajen 707 eV (ma'aunin ƙarfin hasken ke nan), kobalt 778, nikel 853. Ko an gauraya su, kana iya kallon kowanne shi kaɗai. Walƙiya ta farko ta girgiza samfurin, ta biyu ta ɗauki hotonsa, a riƙa ƙara tazara tsakaninsu kaɗan-kaɗan har a ga yadda abin ya gudana. Masu neman hanyar rubuta bayanai cikin sauri a ma'ajiyar kwamfuta, nan idonsu yake.

Abin da ban gane da wuri ba shi ne, kwanaki kaɗan ake ba masu bincike a kan na'urar, bayan kwamiti ya tantance buƙatarsu. Sauran aikin, na watanni, lissafi ne da tace bayanai a kwamfuta. Daidai nan na yi sake: lissafin Fourier, mai rarraba sigina zuwa sassanta, na tsallake shi, Python kuma, yaren rubuta manhajar kwamfuta, na ce sai an kwana biyu. Ranar da na nemi gurbin ƙaro karatu a wannan fanni, abin da aka fara tambayata ke nan, na yi tsuru-tsuru.

Saboda haka ku riƙe darasin kwantum, wato fiziks na ƙananan ƙwayoyin halitta irin su atom, da na Fourier da hannu biyu, ku warware tambayoyin da kanku, ba kwafa daga aboki ba. Python ba ta buƙatar kwamfuta mai tsada, ta hannu da za ku saya a kasuwa ta isa. Ku riƙa sauko da maƙalu daga arXiv, shafin intanet da masana ke ajiye maƙalunsu, kyauta ne, ku zaɓi jadawali ɗaya daga ciki ku yi ta fama har ku zana shi da kanku.