Tsutsar auduga da gubar da take ci ta kwana lafiya

Duk wanda ya taɓa tsinko ganyen auduga ya ɗaga shi saitin rana zai ga wasu baƙaƙen ɗige-ɗige kamar an barbaɗa masa masoro. Ba datti ba ne ba kuma cuta ba, 'yan jakunkuna ne da shukar ke tara gubarta a ciki, babbar gubar ana ce mata gosifol. A kara akwai su, a ƙwallo akwai su, har cikin angurya, shi ya sa masu kiwon kaji ba sa loda musu angurya barkatai alhali babbar saniya tumbinta na iya wa abin.

To lokacin da muke furojet a gonakin wajen Kumo aikin da aka ɗora mana ke nan, bin tsutsar nan mai huda ƙwallo, wadda a littafi ake kira Helicoverpa armigera, ita ce dai wadda ke shiga tumatir da masara da kuɓewa da wake, ba ta da zaɓen abinci sam. Tambayar sufabaizanmu kullum ɗaya ce, in auduga na da guba me ya sa wannan abar take ci har ta yi ɓul-ɓul?

Abu na farko da ido na gan shi. In ka sa gilashin ƙara girma a kan jaririyar tsutsa da ba ta jima da ƙyanƙyashewa ba za ka ga ba ta cin ganyen gaba ɗaya, tana gatsa ne tana kewaye baƙin ɗigon nan, ta bar shi a tsaye ita ta wuce, wallahi na daɗe a tsugune ina kallon wannan wayo har ƙafata ta yi tsami. Sai ta yi girma take haɗiye komai, domin a lokacin hanjinta ya ƙosa.

A hanjin ne aikin yake. Akwai sinadarai da ake kira P450, da zarar gosifol ya shiga sai jikinta ya ƙara yawan su. A 2007 masu bincike a Shanghai ta ƙasar Sin suka toshe ƙwayar halitta guda mai suna CYP6AE14, wadda ke samar da ɗaya daga cikin waɗannan sinadaran, suka ba tsutsar abinci mai gosifol, sai girmanta ya ja baya. Daga baya wasu a Jena ta Jamus suka nuna tana kuma liƙa wa gubar sukari ta fitar da ita a kashi. Kai, in ma gubar kaɗan ce an ga har ƙiba take ƙara mata.

Amma inda abin ya fi taɓa ni shi ne, waɗannan sinadaran da gosifol ke tayarwa suna taimaka mata wajen jure maganin feshi irin su deltametirin. Wato audugar da kanta take horar da ita kafin mu zo da famfo a baya. Wani dattijo ya tare ni a bakin gonarsa yana ta faɗa, "Malam, maganin nan fa ruwa suka sayar min." Na ce "Baba, jabu kam akwai shi a kasuwa, amma mu fasa ƙwallo ɗaya mu gani." Muka fasa, ga ta nan ƙatuwa kwance a ciki ta cika wurin da kashi, wane feshi zai same ta a nan? Na ce masa a riƙa zagaya gona ana duba ƙwai da ƙananan tsutsa a kan toho, lokacin ne magani ke kama su, kuma in za a canza magani a duba sinadarin da ke ciki, don sau da yawa kwalba ce kawai ta canza suna.

Wasu za su ce to a cire gubar mana tunda tsutsa ta saba. An gwada a Amurka tun wajajen 1950, aka fitar da auduga marar ɗigon, angurya ta yi kyau ga dabbobi amma ƙwari suka yi mata rubdugu, ashe gubar na tare wasu da yawa da ba su kai wannan taurin kai ba. Yanzu kuma tun 2018 Najeriya ta amince da audugar Bt, wato wadda aka sa wa ƙwayar halittar wata bakteriya don ta riƙa kashe tsutsa da kanta, da aka gwada tare da cibiyar binciken aikin gona ta IAR Samaru, tana aiki kam, sai dai a Indiya wata tsutsar daban, mai ruwan hoda, tuni ta saba da irin wannan audugar, kuma ni dai ban ga dalilin da zai sa tamu ta Gombe ta kasa ba in aka ci gaba da shuka ta ita kaɗai ba a barin ko 'yan kunyoyi na tsohon iri a gefe.