Yadda za ka san man da ya rage a tankin mashin kafin ya mutu maka a hanya

Yawancin masu mashin a Katsina da Daura da hanya biyu suke kintatar man da ya rage musu: ko su girgiza mashin su saurari motsin mai a tanki, ko su tuna na nawa suka sha jiya. Duka biyun ba abin dogaro ba ne. Kunne ba ya bambance lita ɗaya da lita uku. Naira kuwa, tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 farashi bai zauna wuri guda ba, man dubu biyu na wannan wata ba shi ne na watan jiya ba. Lissafin da ke tsayawa shi ne na lita da kilomita, kuma kowane mashin da nasa.

A fara da makunnin mai, wanda ke ƙarƙashin tanki ta hannun hagu a mashinan da ke da kafireta, irin su Boxer da Jincheng. Wuri uku yake da shi: ON, OFF da RES, wato rizab. Mutane da yawa sun ɗauka rizab wani ƙaramin tanki ne daban. Tanki ɗaya ne. A cikinsa makunnin yana da baki biyu, ɗaya dogon bututu ne da ya miƙe sama, ɗaya kuma gajere a gindin tanki. A kan ON, mai ta dogon yake bi, da zarar ya sauka ƙasa da bakinsa sai ya yanke ko da akwai saura. Ka juya zuwa RES sai ya koma bi ta gajeren. Ke nan rizab gargaɗi ne, kuma gargaɗin yana aiki ne kawai idan makunnin na kan ON.

Nan ne aka fi yin kuskure. Mutum ya shiga rizab, ya isa gidan mai, ya sha mai, ya tafi bai mayar da makunni ON ba. Mashin zai ci gaba da tafiya lafiya lau har ya shanye tankin ƙaƙaf, ranar da zai tsaya kuma babu abin juyawa. Maganin shi ne ka saba wa hannunka: kafin ka buɗe murfin tanki a gidan mai, fara mayar da makunni ON. Ka kuma koyi juya shi da hannun hagu kana tafe ba tare da ka duba ƙasa ba, domin idan mai ya fara yankewa, mashin yana shaƙewa yana fizga in ka murɗa totur, daƙiƙu kaɗan gare ka kafin inji ya mutu. In ya riga ya mutu, juya RES ka jira kamar rabin minti kwanon kafireta ya cika, sannan ka buga kik.

Rizab ɗin naka lita nawa ne? Ya danganta da mashin, galibi tsakanin lita 1 da 2 da ɗoriya, amma gara ka auna naka. Ka bari inji ya huce, a fili, nesa da murhu, janareta da mai shan taba. Kafa mashin a kan ƙafar tsakiya, sa makunni OFF, zare tiyon mai daga jikin kafireta ka sa bakinsa a galan mai tsabta. Juya ON har mai ya daina zuba da kansa. Sauya wani mazubi da ka san awonsa, juya RES, abin da ya fito shi ne rizab ɗinka. Idan ON ya zubar da tankin duka, RES bai ba da komai ba, dogon bututun ya karye ko ya fita, ko an sa maka makunni marar kyau. Wannan mashin ba shi da rizab sam, a canza makunnin.

Sai sanin kilomita nawa lita ɗaya ke kai ka. Cika tanki zuwa gindin wuyan murfi, ka rubuta lambar da ke kan mitar tafiya. A ce 24,310 ce. Yi zirga-zirgarka yadda ka saba kwana biyu ko uku, ka koma ka cika zuwa daidai wancan wuri, ka karanta litar a jikin famfo, ba kuɗin ba. A ce ya ci lita 4.5, mita kuma ta nuna 24,490. Ka yi kilomita 180, raba da 4.5, ya ba ka 40 a kowace lita. Maimaita sau uku ka riƙe mafi ƙanƙanta. Wanda ba ya iya cika tanki a lokaci guda, ya fara lissafi daga inda mashin ya nemi rizab: rubuta mita, zuba lita 2 cif, mayar ON, ka sake rubutawa ranar da ya sake neman rizab, sannan ka raba kilomitan da ka yi da 2.

Da wannan lamba tafiya ta zama lissafi. Daga Katsina zuwa Daura ta Mashi kimanin kilomita 80 ne. Mashin mai yin 40 zai sha lita 2 zuwa, lita 4 zuwa da dawowa, ka ƙara lita 1 saboda yawon cikin gari da abin da ba a zata ba. Lita 5 ke nan, ban da rizab. Rizab ba ya shiga lissafin tafiya. Mai nufar ƙauyukan Baure, Zango ko Mai'adua, ko ɓangaren Jibiya, ya ƙara fiye da haka, tunda gidajen mai suna da tazara kuma ba kullum ake samun mai a cikinsu ba.

Lambar kuma tana sauyawa. Goyon mutum biyu ko buhun gero, hanyar yashi da ke sa ka zauna a giya ta biyu, iskar hunturu tana bugun ƙirji, tayar da ba ta da isasshiyar iska, sarƙa busasshiya ko wadda aka ɗaure tamau, birki mai kamawa, mantuwa da cok a ɗage bayan inji ya ɗumama, duk suna cin mai. Ƙurar hunturu ta fi su ɓarna a ɓoye: tana toshe matatar iska, inji ya riƙa jan mai fiye da iska, fulogi ya yi baƙi. Idan lissafinka ya faɗo daga 40 zuwa 32 ba tare da ka canza hanya ko kaya ba, fara duba matatar iska kafin bakanike ya taɓa saitin kafireta.

Duk wannan ya rataya ne a kan mita mai aiki, ga shi kuwa mashinan haya da yawa mitarsu ta daɗe da mutuwa. Galibi wayar da ta taso daga cibiyar tayar gaba ce ta tsinke, ko ɗan haƙorin da ke juya ta ya cinye. Gyara ne mai sauƙi, ya cancanci a yi shi. Kafin nan, sami sanda busasshiya mai tsabta, ka zuba mai lita-lita a tankin da ka zazzage, kana tsoma ta wuri ɗaya kana yin tsaga a kowace lita. Kada a taɓa leƙa tanki da ashana ko laita.

Mashin mai gejin mai ma yana buƙatar lura. Wani abu ne mai yawo a saman mai ke motsa allurar, tanki kuma sama faɗi ƙasa tsuke, shi ya sa allura ke daɗewa a F, wato alamar cike, sannan ta zube da sauri daga rabi. Karanta shi mashin na tsaye sosai a wuri mai daidai, ba a jingine kan ƙafar gefe ba. Sababbin mashina masu injekta a maimakon kafireta ba su da makunni, fitila ce ke kamawa idan mai ya yi ƙasa, kuma famfon da ke cikin tankinsu mai ne ke sanyaya shi, don haka yawan tafiya da tanki a bushe yana kashe shi.

Akwai man da ke ɓacewa mashin na ajiye. In ka ga jiƙa ko ka ji warin fetur ƙarƙashin inji da safe, allurar da ke rufe mai a kwanon kafireta ta cinye ko datti ya tokare ta. Riƙa sa makunni OFF duk dare har a gyara. A watannin Maris zuwa Mayu kuma kar a cika tanki har baki, zafi na kumbura fetur ya tsiyaye ta murfi.

Wani lokaci mashin zai yi kamar mai ya ƙare alhali tanki da mai. Buɗe murfin: in ka ji ya ja iska, mashin kuma ya tashi, ƙaramar hudar numfashi ta murfin ce ƙura ta toshe. In kuma yana lafiya a ON amma ya mutu da ka juya RES, ruwa da tsatsa ne suka kwanta a gindin tanki, tunda ruwa ya fi fetur nauyi. Wannan ya fi yawa da damina da kuma wajen masu yawan sayen man kwalba a gun 'yan bumburutu. Tsiyaya kaɗan daga RES cikin farar kwalba, ruwan zai zauna a ƙasa ka gan shi da idonka. Sai a zazzage tanki, a wanke 'yar ragar makunni, a kwance sukurun gindin kafireta a zubar da abin da ya taru.

Idan kuwa rizab ɗin ma ya ƙare, tanki yana da kwari biyu, hagu da dama, da tudu a tsakiya inda ya hau kan ƙarfen mashin. Makunni na hagu, don haka mai kan maƙale a dama. Kwantar da mashin sosai ta hagu na ɗan lokaci, ka tayar da shi, ka jira kafireta ta cika. Abin da ya tsallako kan iya kai ka kilomita ɗaya ko biyu, a giya ta sama, totur a hankali.