Facin da ya sa aka rufe mana hawa biyu

A ginin ajiye motocin da nake kula da shi, mai hawa biyar a tsakiyar birni, hawa na uku ne abin nunawarmu. Daɓe sumul, sama fari tas, layukan fakin raɗau. Saboda haka da takardar hukumar gine-gine ta iso cewa lokacin binciken ƙarfin ginin ya yi, mu kawo injiniya mai lasisi ya duba ya miƙa rahoto kafin wa'adi, fargabata duk tana kan hawan ƙasa, inda bango ya yi baƙi da danshi kuma filasta ke ɓantarewa. Hawan ƙasan nan ya tsallake da 'yan gyare-gyare marasa yawa. Na ukun ne ya kwantar da mu.

Injiniyan dattijo ne marar yawan magana. Abin da ya fara fitarwa daga motarsa 'yan gajerun sarƙoƙi ne ɗaure a jikin sanda, sai ƙaramar guduma. Aka kwashe motoci, yaransa suka riƙa jan sarƙar a kan daɓe layi-layi. Inda kankare ke da lafiya ƙarar tana fita garau. Inda ya rabu daga ciki sai ta koma kamar ana ƙwanƙwasa fanko. Duk inda suka ji haka sai su zagaye wurin da jan fenti. Kafin yamma daɓen ya cika da jajayen da'irori, kuma abin da ya ɗaure mini kai shi ne kusan kowace da'ira tana kewaye ne da wani tsohon faci da ke ɓoye ƙarƙashin fenti. Facin kansa ƙalau yake amsawa. Gefunansa ne suka mutu.

Na tambaye shi, "Injiniya, yaya wurin da aka gyara zai fi wanda ba a taɓa ba lalacewa?" Ya sa aka fasa gefen guda ɗaya. Rodin da ya bayyana ya kumbura, yana ɓarewa falle-falle, idan ka murza sai ya zube a hannunka.

Bayanin da ya yi mini a tsaye a wurin shi ne ya sauya yadda nake kallon ginin gaba ɗaya. Kankare mai lafiya yana da sinadarin alkali sosai, wato kishiyar asid, kuma a ma'aunin pH da ake auna wannan da shi yana kai 12 zuwa 13, kuma wannan ne ke yi wa rodi wata siririyar kariya da ke hana shi tsatsa. Abu biyu ke karya ta. Na farko iskar kabon da ke kutsawa a hankali cikin shekaru har ta sauko da ma'aunin zuwa wajen 9. Ana gane wannan ta fesa wani ruwan gwaji a kan sabuwar fasa: inda kariya ta rage sai wurin ya yi ruwan hoda, inda ta ƙare ba ya canja launi. Na biyu gishiri. A ƙasashen da ƙanƙara ke sauka motoci ne ke kwaso shi a tayoyinsu daga titi, a biranen bakin teku iska ce ke kawo shi, wani lokacin kuma tun ranar gini ya shiga ta yashin da ba a wanke ba. Namu na iskar teku ne, ruwan sama da na wanke daɓe suka yi ta tura shi ciki. Da zarar tsatsa ta kama, tana cin wuri fiye da ƙarfen da ta fito daga gare shi, ninki 2 har zuwa 6, sai ta tura kankaren daga ciki ya rabu, alhali daga sama ba ka ganin komai.

To ga inda facin ya shigo. Wanda ya yi shi ya kankare saman da ya ɓantare kawai, ya shafe da sabon siminti. Rodi ɗaya yanzu ya ratsa wuri biyu: sabon siminti mai tsabta, da tsohon kankare mai gishiri. Bambancin nan yana sa wata 'yar wutar lantarki ta riƙa gudana a jikin rodin, sai ɓangaren da ke cikin tsohon kankare, dab da bakin facin, ya riƙa ci da sauri fiye da da. Garin neman gira aka rasa ido.

Har yau idan na tuna raina ɓaci yake yi. An yi aikin ne shekaru kaɗan kafin in karɓi wurin. Ɗan kwangila ne aka kira, aka biya shi, ya tafi. Babu injiniyan da ya duba, babu izinin hukuma, babu hoto ko ɗaya na abin da ya tarar kafin ya rufe. A cikin fayil ɗin ginin, abin da na samu rasit ne mai layi guda: gyaran daɓe da fenti. Mutum ya ga rodi yana ɓarewa da idonsa, ya ɗebo siminti ya binne shi, ya bi da farin fenti, ya karɓi kuɗinsa. Ban yarda cewa bai san abin da ya gani ba.

Tsugune ba ta ƙare ba. Kusa da wani ginshiƙi akwai magudanar ruwa, kuma facin ya ɗaga daɓen wurin da 'yan milimita, abin da ya isa ya juya gangaren. Ruwa ya daina zuwa magudana, ya koma kwanciya a gindin ginshiƙin. Da aka buɗe bututun, sai aka tarar da shi toshe da busasshen siminti. A ciki suka riƙa wanke cebur da kwanon kwaɓi.

Wannan ginshiƙin ne ya sa fuskar Injiniya ta canja. Dekin ɗinmu, wato daɓen kankaren kowane hawa, irin wanda yake zaune kai tsaye a kan ginshiƙai ne, babu bim, wato dogarin kankare na kwance, a ƙarƙashinsa, kuma a irin wannan gini rodin saman da ke kewaye da kan ginshiƙi shi ke riƙe da komai. Idan ya ci, ginshiƙin yana iya huda dekin ɗin ya fito ta sama, dekin ya zube, kuma ba ya yin doguwar sanarwa. Haka ta faru a ginin motoci na Pipers Row da ke Wolverhampton a Ingila ranar 20 ga Maris 1997. Gini ne na 1965, wani yanki na hawan sama mai nauyin tan 120 ya rufto cikin dare, Allah ya sa babu kowa a ciki. Binciken da aka yi ya nuna kankaren saman ya lalace, kuma gyaran da aka yi masa a baya bai kama jikin tsohon kankaren ba. Da na karanta labarin daga baya sai na ga kamar hawanmu na uku ake siffantawa.

Dokokin birane sun bambanta, amma tsarin yakan yi kama. A New York, alal misali, doka mai lamba 126 ta 2021 ta wajabta a duba gine-ginen ajiye motoci duk shekara 6, a sanya kowanne cikin mataki uku: lafiyayye, ko lafiyayye amma sai an yi gyara ko an sa ido, ko kuma mai haɗari, wanda ake ba shi kwana 90 a gyara. Namu ma matakai uku ne. Abin da mai gini ba ya so ya ji shi ne, kai ne ke biyan injiniya, amma idan ya ga haɗari wajibinsa ne ya sanar da hukuma nan take, ko ka so ko ka ƙi.

Shugaban kamfanin da ya mallaki ginin ya nemi a sassauta. Ba mugun mutum ba ne, lissafin motocin da za a rasa yake yi. Ya ce ko za a rubuta mataki na tsakiya, mu kuma mu yi alkawarin gyarawa cikin gaggawa. Injiniya ya ce, "Ranka ya daɗe, idan ka ga dama ka sallame ni ka kawo wani. Amma abin da na gani na riga na gani, kuma yau zan rubuta shi." A lokacin na ji nauyin maganar, don ni ne zan fuskanci masu motoci. Yanzu godiya nake yi masa. A garin Elliot Lake na Kanada, rukunin shagunan Algo Centre yana da wurin fakin a kan rufinsa, ya shafe shekara sama da 30 yana yoyo, ruwa da gishiri suna cin mahaɗin ƙarfen da ke ɗauke da shi. Makonni kaɗan kafin ya rufta ranar 23 ga Yuni 2012, wani injiniya ya duba ya rubuta cewa ginin yana da ƙarfinsa. Mata 2 suka rasu. Takarda mai daɗin karantawa ba ta riƙe dekin.

Aka rufe hawa na uku da na huɗu. Abin da ban yi tsammani ba shi ne tokare. Ba a tokare dekin a tsaya a hawan da ke ƙasansa kawai, don nauyin zai koma kan wani dekin da ba a gina shi don haka ba. Sai an jera su hawa-hawa, ɗaya saitin ɗaya, har ƙasa. Ke nan hawayen da ke buɗe ma mun rasa wurare a cikinsu, kuma hanyar juyawa ta matse. Masu biyan wata-wata da yawa suka koma wasu wuraren, wasu har yanzu ba su dawo ba. Duk wannan a kan facin da aka yi don a yi arha.

Gyaran gaskiya da na tsaya na gani da idona ya bambanta da wancan tun daga farko. Ana yanka gefen wurin da injin yanka ya fita a miƙe, a fasa kankaren har bayan rodi, a bar tazarar kamar milimita 20 zuwa 25 yadda yatsunka za su zagaye shi. A bi rodin har inda ya koma fes, ko da ya zarce da'irar da aka zana. A goge shi da feshin yashi, a auna kaurin da ya rage, inda ya sirance da yawa a ƙara sabo a haɗe. A bakin kowane faci aka ɗaura 'yan ƙananan dunƙulen zinki a jikin rodi, su tsatsa za ta ci a madadinsa, maganin ainihin abin da ya cuce mu ke nan. Sai zubi, sai a bar shi cikin danshi kwana 7. Kewayen ginshiƙai kuwa kaɗan-kaɗan aka riƙa buɗewa, gefe ɗaya sai ya yi ƙwari a taɓa na biyu. A ƙarshe aka gyara gangaren, aka shimfiɗa rufin hana ruwa a kan daɓen duka. Idan gininka irin mai igiyoyin ƙarfe ne da aka ja aka ɗaure a cikin dekin, kada ka bari kowa ya yanka ko ya huda sai an bi wurin da na'urar hango cikin kankare.

Ga wanda zai shiga irin wannan aiki, kada ka yarda da kwangilar dunƙule. Sarƙa tana nuna maka inda ya riga ya rabu ne, tsatsar kuwa ta wuce nan. Kusan duk ramin da muka buɗe sai da ya fi zanensa girma. A yi farashi a kan kowace murabba'in mita, a riƙa aunawa tare da injiniya, kuma a ware ƙarin kuɗi tun farko, don komawa wurin masu gini neman ƙari ana tsakiyar aiki ba daɗi.

Kuma ka sani, ranar da lebura ya kwashe kayansa ba ranar ce ka fita ba. A rajistar hukuma sunan ginin yana nan a matsayin mai haɗari har sai injiniya ya sake dubawa ya miƙa sabon rahoto, tare da izinin aikin, da sakamakon gwajin kankare, da hoton kowane rami kafin a rufe shi. Akwai rami ɗaya da ma'aikata suka zuba kafin Injiniya ya iso. Ya sa aka fasa. Shugaban ma'aikatan ya yi ta rantsuwa cewa an goge rodin, kuma da aka buɗe gaskiyarsa ne, an goge. Duk da haka ban ga laifin dattijon ba ko kaɗan, domin rufewa ba tare da shaida ba ita ce ta kawo mu inda muke.

Akwai maganar nauyi da ya ja hankalina a kai kafin mu buɗe. Gine-gine da yawa irin namu an yi lissafinsu ne a kan kimanin kilo 250 a kowace murabba'in mita, lokacin da motoci ba su kai na yanzu ba. Manyan motocin zamani da masu batir sun fi nauyi, har ƙungiyar injiniyoyin gine-gine ta Birtaniya ta ba da shawara a 2023 a ɗaga lissafin zuwa kimanin kilo 300. Yanzu manyan motoci a ƙasa muke ajiye su, kuma na hana cusa motoci a kan hanyar wucewa komai cikar rana. Lokacin da wani ginin motoci ya rufta a titin Ann da ke Manhattan ranar 18 ga Afrilu 2023, mutumin da ya rasu manajan wurin ne. Mu ne muke wuni a ƙarƙashin dekin nan, mu da yaran da ke karɓar tikiti.

Dokata yanzu ita ce babu mai taɓa kankaren ginin nan da siminti, ko da tafin hannu ne, sai da takardar injiniya. Fenti ma sai an ƙwanƙwasa wurin an ɗauki hoto. Bayan kowane ruwan sama ina zagayawa da alli in zagaye duk inda ruwa ya kwanta, kuma magudanai ana zuba musu ruwa a ga ya wuce, ba leƙawa kawai ba. Tabon tsatsa ko farin gishiri a ƙasan dekin, a ranar ake rubuta shi.

Hawa na biyu ma yana da facin hannun wancan ɗan kwangilar. Sarƙa ba ta kama su ba tukuna, amma gwajin lantarkin da aka yi a jikin rodi ya nuna tsatsa ta fara aiki a gefunan wasu, saboda haka rahoton ya sanya hawan a matakin sa ido, da wa'adin da za a buɗe su. Masu ginin suna so a jira shekarar kasafi mai zuwa. Ni kuma na rubuta musu cewa a fara da facin da ke kusa da ginshiƙai kafin damina, na haɗa da hotunan rodin hawa na uku, na aika wa Injiniya kwafi.