Tsohon faifai a sabuwar riga

Zangon karatu guda na shafe ina juya tsofaffin jaridun kiɗa na Ingila, saboda aikin da aka ba ni a darasin tarihin talla. NME, Melody Maker da Sounds, duk na mako-mako ne, a kan takarda mai arha wadda tawadarta ke bin yatsu. Ba labaran ne a gabana ba. Tallan kamfanonin faifai nake bi, musamman na faya-fayen rok da aka sake bugawa bayan sun yi kwantai.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na mawaƙin nan David Bowie. A 1969 kamfanin Philips ya fitar masa da faifai mai ɗauke da sunansa kawai, kasuwa ba ta karɓa ba. Na bayansa, The Man Who Sold the World, ya fito a Ingila a 1971, a bangonsa ga Bowie kishingiɗe cikin doguwar riga irin ta mata. Shi ma shiru. Da faifansa mai suna Ziggy Stardust ya yi tashe a 1972, sai kamfanin faifai na RCA ya ɗauko duka biyun ya sake musu bango. Na farkon aka raɗa masa Space Oddity, aka ɗora hoton Bowie na lokacin, da jan gashin nan nasa a tsaitsaye. Na biyun aka sa hoto baƙi da fari, yana cilla ƙafa sama. Fuskar da matasa ke rububi a wannan shekara ita aka kai shafin talla.

Ni kaina ta ruɗe ni. A littafina na rubuta su a matsayin aikin 1972, sai da malamarmu ta ce in je in saurara da kunnena. Na saurari na 1969: yawancinsa jita ce marar lantarki da waƙa a tsanake, ba ruwansa da hayaniyar Ziggy. Na tuna yaron da ya tara kuɗin aljihunsa ya saya saboda hoton, abin ya ɓata min rai ƙwarai.

Daga baya na sassauto, domin ba don wannan sabuwar riga ba, da waƙoƙin sun ci gaba da kwana a sito. Waƙar Space Oddity ma, wadda ke cikin faifan 1969 ɗin, sai da aka sake fitar da ita a 1975 sannan ta hau matsayi na ɗaya a Ingila, karo na farko ga Bowie. Tsohon kaya yana da haƙƙin a sake kai shi kasuwa. Mai saye kuma yana da haƙƙin sanin shekarunsa.

Yanzu tallan littattafai nake zanawa a wata maɗaba'a, kuma da yawansu bugu na biyu ne ko na uku. Nakan sake bango, nakan zaɓi launin da zai ja ido. Amma shekarar bugun farko a ƙarƙashin suna nake sa ta, da girman da tsoho zai karanta ba tabarau. Sau biyu ana cewa in rage ta, sau biyu ina kai aikin da ita yadda take.