Asabar a Matsirga

Yau Allah ya nufa na ga magangarar ruwa ta Matsirga da idona, bayan na daɗe ina jin labarinta a bakin abokan aikina 'yan kudancin jiharmu ta Kaduna. Mun bar Tudun Wada da idar da sallar asuba, ni da Yaya da ɗansa na fari wanda yake karanta ilimin ƙasa a jami'a, domin Yaya ya kafe a kan cewa hanyar Kachia ba ta dare ba ce, kuma duk wanda ya san halin da ake ciki a shekarun nan ba zai yi masa musu ba. Mun wuce Sabon Tasha da matatar mai gari bai gama wayewa ba, muka bi ta Kujama da Kasuwan Magani da Kajuru, muna tsayawa a shingayen jami'an tsaro ana gaisawa ana wucewa.

A Kachia muka karya kumallo da ƙosai da kunu. Wannan yanki shi ne gidan citta a Nijeriya, kuma mai shagon da muka zauna a gabansa ya ba mu labarin yadda cutar da ta auka wa gonakin citta a daminar 2023 ta karya manoma da yawa, har wasu suka koma masara da dawa saboda irin shuka ya yi tsadar da ba za su iya ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai a hanyar kuwa shi ne buhunan gawayi. Tun daga bayan Kajuru ake ganinsu jere a bakin titi, an toshe bakin kowane buhu da ganye an ɗaure, suna jiran motocin da za su kwashe su zuwa Kaduna da Abuja. A lokacin kallonsu kawai na yi, ban san cewa zancensu zai sake tasowa a gindin ruwan ba.

Daga Zonkwa zuwa gaba ƙasar ta sauya kama. Ciyawa ta fi tsayi, itatuwa sun fi duhu, ana ganin kwakwar manja a cikin kwari tare da ɗorawa da kaɗanya a kan tudu, ga duwatsun Kagoro sun tokare sama daga gabas. Matsirga tana kusa da Madakiya, gab da shiga Kafanchan, garin da ya zama mahaɗar layin dogo tun 1927, kuma daga Kaduna tafiyar ta kai kimanin kilomita 200. Mun ajiye mota a inda hanyar ta ƙare, wani saurayi ɗan ƙauyen ya yarda ya yi mana jagora. Hausarsa tsaf, ya ce da Yaya: "Baba, ku cire waɗannan takalman masu santsi idan mun kai gangara, dutsen nan ba ya jin magana da damina."

Kafin mu ga ruwan mun ji shi. Da farko wani gunji ne can ƙasa-ƙasa wanda mutum zai ɗauka iska ce a cikin itatuwa, sannan ya yi ta ƙaruwa har sai da muka koma ɗaga murya idan za mu yi magana. Hanyar ƙafa ce siririya, ta ratsa gonakin doya da na acca, ta shiga kurmi, daga nan ta gangara a kan duwatsu masu gansakuka, inda dole kowa ya riƙa kama saiwa da reshe. Iskar wurin ta yi sanyi farat ɗaya, rigata ta fara jiƙewa tun ban ga abin da yake jiƙa ta ba.

Da muka zagayo wani ƙaton dutse sai ga shi a gabanmu. Ruwan yana zubowa daga bakin dutse mai tsayin kusan mita 30, ba a dunƙule ba, ya rabu gida-gida, kowane reshe da nasa ƙarfin, suna haɗuwa a cikin wani tafki mai faɗi a ƙasa. Saboda yanzu damina take ƙarewa, ruwan a cike yake, launinsa ja-ja ne daga sama saboda ƙasar da ya kwaso, amma kafin ya iso ƙasa ya zama fari fat kamar audugar da aka shiɓa. Feshinsa yana tashi ya cika kwarin, kuma da rana ta ɗago ta bugi feshin sai bakan gizo ya fito a ƙasa-ƙasa, kusa da mu ƙwarai, ba can a sararin sama inda muka saba ganinsa ba. Yaya, wanda ba mutum ne mai yawan magana ba, ya tsaya yana ta maimaita tasbihi.

Jagoranmu ya bi da mu ta gefe zuwa wani kogo da yake bayan ruwan, inda dutsen ya yi rumfa. Mutum yana tsaye a ciki, ruwan yana faɗuwa a gabansa, ƙasa tana rawa a tafin ƙafarsa, ba ya jin komai sai wannan ƙara. Na sa hannu a bangon kogon, sanyi ƙalau, ruwa yana tsattsafowa daga tsagar dutse, wasu ƙananan tsire-tsire masu laushin ganye sun manne a wurin da rana ba ta taɓa kaiwa. A can saman rumfar tsattsewa suna shiga suna fita ta gefen ruwan ba tare da sun jiƙe ba. Na daɗe a wurin fiye da yadda Yaya ya so, kuma da za a bar ni da na ƙara.

Da muka fito muka zauna a kan wani falalen dutse, ɗan Yaya ya yi mana bayanin da ya sa na fahimci abin da nake kallo. Ya ce duwatsun Kagoro su ne gefen tsaunukan Filato ta yamma, kuma iskar damina da take tasowa daga teku ta kudu maso yamma idan ta ci karo da su dole ta hau sama, ta yi sanyi, ta sauke ruwanta a nan, shi ya sa wannan yanki ya fi Kaduna samun ruwan sama kuma daminarsa ta fi tamu tsawo. Daga maɓuɓɓugan waɗannan duwatsu ruwan Matsirga yake fitowa. Sai ya ƙara da cewa itatuwan da ke kan tudu su ne suke riƙe ruwan: ganyen da ya zuba da saiwoyi suna sa ƙasa ta sha ruwan sama a hankali, ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan har cikin rani. Idan aka sare su, ruwan zai riƙa sauka gaba ɗaya da laka a lokacin damina, rani kuma ya tarar da maɓuɓɓugan sun ja baya.

Jagoran ya saurara har ya gama, sannan ya ce shi bai yi wannan karatu ba, amma abin da ya sani shi ne da rani rassan ruwan suna sirancewa, kuma manyansu suna cewa a da kurmin ya fi haka duhu nesa ba kusa ba. Ya nuna mana wani gefe a can sama inda kututture suka yi fari, ya ce masu gawayi ne. Bai faɗa da zargi ba, domin a cewarsa wanda citta ta karya, ga kuɗin makaranta ga na asibiti, idan ya ga itace a tsaye kuɗi yake gani.

Wannan magana ta dame ni, kuma har yanzu da nake rubutu tana damuna. Gawayin nan gidajenmu na birni yake zuwa, tun da gas da kananzir suka fi ƙarfin yawancin mutane, don haka ba daidai ba ne mu zauna a Kaduna muna ɗora wa mutanen ƙauye laifi. A ganina wurin nan ya cancanci a tsare kurmin da ke samansa da gaske, a gyara hanyar gangarawa, a ɗauki samarin yankin aikin jagora da gadi da albashin da zai raba su da gatari. Ko ledoji da robobin ruwa da masu yawon buɗe ido suka watsar a bakin tafkin sun isa su nuna cewa babu mai kula da shi. Mun tsince abin da muka iya, muka cika leda biyu muka hauro da su.

Mun yi alwala da ruwan rafin, muka haɗa azahar da la'asar a kan dutsen kasancewar mu matafiya, sannan muka sallami jagoranmu da godiya muka kamo hanya. A Kachia Yaya ya tsaya ya sayi busasshiyar citta da zuma na gida, muka shigo Kaduna ana kiran magariba. Ranar Litinin, in Allah ya kai mu, zan kai wa shugaban makarantarmu shawarar a kai ɗaliban ajin ƙarshe wurin kafin sanyi ya shiga, ɗan Yaya kuma ya yi alkawarin zai bi su ya yi musu bayanin duwatsun.