Lissafin tumaki daga kan rumfar harawa yake farawa

Duk wanda ya zo mini da maganar yana son fara kiwon tumaki, abin da yake fara tambaya shi ne guda nawa kuɗinsa za su saya. Ni kuma sai in tambaye shi dami nawa na harawa ya ɗora a kan rumfa. Shekarun da na yi ina kiwo a ƙauyenmu, nan tsakanin Gumel da Gujungu, sun nuna mini cewa kuɗin sayen tunkiya shi ne ƙarami a cikin sha'aninta. Babban kuɗin ta bakinta yake tafiya, safe da yamma, tun ranar da ta shigo gida har ranar da za a ja ta a fita da ita. Mai tumaki biyar da abincin biyar ya fi mai goma sha biyar da abincin biyar samun riba, ya kuma fi shi barci.

Da damina ciyawa tana ko'ina, amma gonaki a shuke suke, dole a turke dabba a gida a yanko mata, in ba haka ba ka tsinci kanka gaban mai unguwa kan ɓarna. Da kaka a sake su su bi gonaki, su ci ganyen kara da abin da ya zube, ka ga suna sheƙi ba ka kashe ko sisi ba. Daga ƙarshen hunturu kuwa har ruwa ya sauka a watan Yuni ƙasa fayau take, babu abin tsinta. Waɗannan watannin ne suke cinye ribar mutane. Damin da manomi zai sayar maka da arha a Nuwamba, don yana neman kuɗin biki ko na biyan bashin taki, shi za ka nema a Afrilu an ninka kuɗinsa, kuma ya riga ya sha rana ya kakkaɓe.

Ita kanta harawar ba ɗaya ba ce. Amfaninta a ganye yake. In aka bar wake a gona har iskar hunturu ta busar da shi a kwance, ganyen ya zube, abin da za ka naɗe igiya ce kawai, tumaki su yamutsa su bar maka. Ana yanke ta ne da sauran ɗanyenta, da zarar an gama roro, a naɗe, ta sha iska, sannan a ɗaga ta sama, kan rumfa ko tsakanin rassan bishiya, inda gara da awakin maƙwabta ba za su kai ba. In ka kwance dami a watan Maris ka tarar cikinsa kore shar yana ƙamshi, an yi aikin daidai. Shi ya sa har gobe ban daina saka waken kanannado a cikin gero ba. Yana daɗewa bai nuna ba, ƙwayarsa ba ta kai ta sababbin iri yawa ba, amma yana yaɗo ya rufe ƙasa, harawarsa kuwa sai wanda ya gani. Masu bincike na cibiyar binciken noma ta IITA da ke da tasha a Kano sun fitar da irin wake mai ba da ƙwaya da harawa tare, yana kuma rufa asiri a shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, don haka nake raba gonar biyu. Harawar gyaɗa a ganina ta fi sa ƙiba, sai dai a kakkaɓe mata ƙasa. Kowar wake kada a bari a zubar bayan sussuka, a ɗura a buhu. Wanda kuma Allah ya ba gawo a gonarsa ya riƙe shi da kyau: da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana, da rani kuma ya zubo da 'ya'yan da tumaki ke rububi a kai, daidai lokacin da komai ya ƙare. Ina jin ciwo in ga an sare gawo an yi itacen girki da shi.

Yawancin masu turka rago don Babbar Sallah suke yi, kuma akwai lissafin da na ga ba a cika yi ba. Sallah tana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. A 2020 ranar 31 ga Yuli aka yi ta, tsakiyar damina, rago ya samu ɗanyar ciyawa makonni kafin a kai shi kasuwa. A 2023 ta faɗo 28 ga Yuni, a 2025 kuwa 6 ga Yuni. Ke nan wata ukun da ake turka yanzu sun koma cikin bazara, lokacin da abinci ya fi tsada, ruwa ya ja baya a rijiya, zafi kuma ya hana dabba ci da rana. Dabarar yankan ciyawa da ta fisshe mutum a 2020 ba ta da wurin zama yanzu, kuma shekaru masu zuwa ƙara shiga rani Sallar za ta yi. Rago mai kilo 30 yana cin kimanin kilo ɗaya na busasshen abinci a rana, ko ya ɗan haura. A wata uku ya doshi kilo 100. Raguna biyar sun cinye kusan rabin tan ke nan. Wanda bai tanadi wannan tun kaka ba, a kasuwa zai saye shi mudu-mudu da dami-dami, ranar sayarwa kuma ya ga kuɗi da yawa a hannu ya ɗauka riba ce, alhali nasa ne da ya zuba suka dawo.

Dusa da angurya a hankali ake shigar da su, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ragon da ya saba da kara ka cika masa kwano da hatsi rana ɗaya, cikinsa zai kumbura, kafin gari ya waye sai dai wuƙa. A ajiye masa kanwa da gishiri, ruwa mai tsabta safe da yamma, inuwa da rana. Bayan wata uku ko huɗu ƙibar tana tsayawa, cin kuwa ba ya tsayawa, don haka sayen rago da wuri sosai ba wayo ba ne.

Sayen ma ilmi ne, kuma a karar Maigatari na koye shi, ranar Alhamis, wurin wani tsohon dillali da mahaifina ya haɗa ni da shi. Na tsaya ina kallon wani rago mai cikakken ciki, sai ya ce, "Ɗan nan, ba da ido ake sayen rago ba, kawo hannunka." Ya ɗora tafina a gadon bayan ragon ya ja shi har gindin wutsiya, ƙashi ne tsiri-tsiri. An ɗura masa ruwan dusa da kanwa ne da asuba. Ya kama wani ramamme a gefe, ya ɗage leɓensa ya nuna mini manyan haƙora biyu a gaba, alamar ya haura shekara. Ya janye fatar idon, ja ce jawur, ba fara ba. Ya duba hanci babu majina, ya ɗaga wutsiya babu alamar zawo, ya sake shi ya yi tafiya don a ga ƙafafun. Na ce, "Baba, ai wannan ƙashi ne zalla." Ya ce, "Ƙashin za ka saya. Ramar yunwa ce, naman kai za ka sa masa." Har yau haka nake saye: dogon jiki, faɗin ƙirji, rama ta yunwa ba ta ciwo ba. Haƙoran nan kuma suna da muhimmanci ga mai niyyar kasuwar layya, domin a mazhabarmu ta Malikiyya sai rago ya cika shekara ya shiga ta biyu. Mai ido ɗaya, da gurgu, da mara lafiya, da wanda ƙahonsa ya karye yana jini, duk ba sa yi. Shi ya sa turakuna suke nesa da juna a gidana. Karo ɗaya tsakanin raguna ya isa ya zubar da kuɗin wata uku.

Balami yana da kwarjini, fari ƙal, dogon kunne, in ya cika sai a tsaya kallo. Uda ma, mai rabi baƙi ko ja rabi fari, yana da tsayi. Amma cinsu daidai girmansu ne, masu sayensu kuma kaɗan ne, sai an kai birni, Kano ko Abuja ko Legas. Rago ɗan ƙasa, matsakaici, shi ne ragon malamin makaranta da ɗan kasuwa da manomi, kuma su ne suka fi yawa a kara. Na sha ganin manyan raguna ana loda su a mota ana komawa da su gida daren Sallah, matsakaita kuwa tun kwana uku sun ƙare.

Mu da muke kusa da iyaka, abin da ya faru a Nijar a turkenmu yake sauka. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka rufe iyaka, ɓangaren Najeriya bai buɗe ba sai Maris na 2024. A Mayun 2025 kuma gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi gab da Sallah. Ga kuɗin mota da ya tashi tun da aka cire tallafin mai a 2023. Duk lokacin da irin wannan ta faru, wanda ya dogara da sayen ƙananan raguna a kasuwa shi yake shan wuya. Wanda ake haifa masa a gida kuwa bai san an yi ba.

A nan ne na gane hikimar Innata, wadda ba ta taɓa turka rago ba amma ba ta taɓa rabuwa da tumaki mata ba. Tunkiya wata biyar take ɗaukar ciki, in tana ƙoshi za ta haihu sau uku a shekara biyu, wani lokaci tagwaye. Abin da take buƙata shi ne ƙarin dusa a makonnin ƙarshe na ciki da lokacin shayarwa. A nan ake samun ɗa mai ƙwari ko a rasa shi. Inna takan ce, "Kai dai bar mini matan, su ne asusuna." Kuɗin asibiti, kayan ɗakin 'ya, kuɗin jarrabawa, duk daga nan suke fita ba tare da an je gaban kowa ba. Tana kuma ba wa matan da ba su da hali tunkiya su kiwata, a raba 'ya'ya yadda aka yi alkawari tun farko, gaban shaida. Ga ragon suna, wanda ba ya jiran wata: kowane mako ana haihuwa a gari, kuma mai jego ya fi son ya saya a maƙwabta da ya tafi Gujungu ranar Lahadi ya biya la'ada da kuɗin mota.

Cutar da ta fi share garke ita ce mai zuwa da majina da zawo da gyambon baki, wadda likitocin dabbobi ke kira PPR. Tana da allurar rigakafi da ake yi a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato, kuɗinta bai kai na damin harawa ba, kariyarta kuma tana kai shekara uku. Sabuwar dabba daga kasuwa a ware ta mako biyu kafin ta haɗu da na gida. Maganin tsutsa farkon damina da ƙarshenta, masu kiwo a fadamun Haɗejiya kuma su kula da ciwon hanta. Gyauron dawa yana da guba, kada a bar su su faɗa masa. Amma abin da ya fi tayar mini da hankali leda ce. Wata tunkiyar maƙwabcina ta yi ta ramewa tana ci, an yi allura an yi ɗuri a banza. Da aka yanka, mahauci ya farke tumbin a gabanmu ya zaro dunƙulen leda da igiyar buhu, baƙi ƙirin, ya cika hannu biyu. Babu maganin da zai fitar da wannan. Tun daga ranar duk ledar da ta shigo gidana wuta take shiga.

Akwai kuɗaɗen da ba a rubutawa, su ma kuɗi ne. Yaron da ke yanko ciyawa, uwargida da ke dama dusa tana share turke, jarkokin ruwan da ake turowa a kura da bazara. Ina ware wa uwargida tunkiya guda a kowace haihuwa, domin aikin rabinsa nata ne, kuma dabbar da mace ta san tana da rabo a ciki ba ta kwana da ƙishirwa. Akwai kuma ribar da ba a ƙirgawa: taki. Tun da buhun takin zamani ya fi ƙarfin talaka, kashin tumakin da ake tarawa a kwashe a amalanke kafin shuka ya zama abin nema, har saye ake yi. Gonar da ta sha shi ita ke ba da gero da wake, waken ya ba da harawa.

Wajen sayarwa, ina fita da raguna tun saura mako biyu ko kwana goma, lokacin da fatake masu lodi zuwa kudu suke saye. Jiran daren Sallah caca ce, kuma washegari farashi yake faɗuwa warwas, ga abinci ya ƙare. Masu albashi sukan zo su ce a ba su rago su biya ƙarshen wata. Ina ba wanda na sani, amma sai ya ajiye rabi, sauran a rubuta gaban mutum biyu, a kuma sa ranar biya kafin kaka, domin da kuɗin nan zan sayi harawar baɗi.